Mai jego tana kuka ba dalili: a ci gaba da ruƙya ko a tafi asibiti?

Tambaya daga wata baiwar Allah a Damagaram: "Ƙanwata ta haihu wata uku ke nan, haihuwarta ta biyu. Tun da aka yi arba'in ta koma ɗakinta ba ta sake zama daidai ba. Kuka take yi ba wanda ya taɓa ta, ba ta barci ko da yaron ya yi barci, abinci sai an matsa mata. Ta ce mini ba ta jin son yaron kamar yadda ta ji na farin, kuma ko ta yi salla ba ta jin komai, tana ganin imaninta ne ya tafi. Mijinta yana Agadas wajen nema. An yi mata ruƙya sau biyu, an ba ta rubutu. Uwar mijin ta ce iska ce, wasu sun ce sammu. Na ce a je asibiti, aka ce mini ai ba mahaukaciya ba ce, kuma mai imani ba ya damuwa. Ina mafita?"

Ƴar'uwa, Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu, ke kuma ya saka miki da wannan zumunci. Shawararki ita ce daidai. Ki kai ta asibiti cikin satin nan, addu'a kuma kada a fasa ta ko kwana ɗaya. Sai an gan ta ido da ido ake tabbatarwa, amma abin da kika zayyano shi ne kamannin ciwon damuwa na bayan haihuwa kamar yadda muke ganin sa a wajen aiki, kuma ciwo ne da ake warkewa.

Mata da yawa, daga kwana biyu ko uku da sauka, sukan ji hawaye kusa, abu kaɗan ya ɓata musu rai, saboda sinadaran jiki da ciki ya ɗaga sun sauka lokaci guda. Wannan yakan wuce da kansa kafin sati biyu. Na ƙanwarki ya zarce nan. Idan baƙin ciki ya haura sati biyu yana nan kusan kullum, ga rashin barci, ga rashin cin abinci, ga mutum ya daina jin daɗin abin da a da yake so, yana ta ɗora wa kansa laifi, to an shiga ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana gamuwa da irin wannan larura bayan haihuwa. Duk gidan sunan da kika shiga, a Birni ne ko a Zongo, cikin matan da ke zaune kan tabarma akwai waɗanda suka ratsa ta wannan hanya. Shiru kawai suka yi.

Ban yi mamaki ba da kika ce bayan arba'in abin ya fito fili. Al'adarmu ta jego tana da kyau ƙwarai: ga tsohuwa mai kula da wanka, ga kunu, ga nama, ga masu karɓar jariri, ga ƴan barka suna shiga suna fita. Aibinta guda, rana ɗaya take yankewa. Jiya ana riritata, yau ta koma ɗakinta ga girki, ga wanki, ga babban yaron da shi ma bai gama zama mutum ba, ga batun ruwa, wanda ke ma kin san yadda yake a garin nan: famfo ya kawo tsakar dare sai an tashi tara. Miji kuma ba ya nan. Waɗannan ba su kaɗai ke kawo ciwon ba, don yana kama matar da ke cikin daula ma, amma su ne ke hura masa wuta, rashin barci a kan gaba.

Sai maganar da aka faɗa miki, wai mai imani ba ya damuwa. Wannan magana tana ci mini rai, domin na ga yadda take rufe bakin mata har ciwo ya ci su. Ki buɗe Suratu Maryam daga aya ta 23. Nana Maryam, wadda Allah ya zaɓa a kan matan duniya, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin da aka manta. Ki duba amsar da ta samu. Ba a ce mata ina imaninki ba. An ce kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa Ubangijinki ya gudano a ƙarƙashinki, girgiza dabinon ɗanyen dabino ya zubo miki, ki ci, ki sha, ki kwantar da hankalinki. Sannan aka ce idan ta ga wani mutum ta sanar da shi ta yi bakancen azumin magana, wato har nauyin amsa tambayoyin mutane aka sauke mata. Lallashi, abinci, abin sha, da kariya daga surutun jama'a. Da dangin mai jego za su riƙe waɗannan huɗu, da rabin aikinmu ya ragu.

Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah yake kai kukansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Kuma malaman Musulunci sun daɗe da sanin cewa akwai baƙin cikin da ciwo ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya raba shi gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya ce wannan na biyun tushensa a jiki yake, kuma jiki ake yi wa magani tare da lallashin zuciya. Fiye da shekara dubu ke nan da rubuta wannan.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki shi ne cewar da ta yi ba ta jin komai a salla. Ki faɗa mata daga bakina cewa wannan alamar ciwon ce. Ciwon damuwa yana ɗauke ɗanɗanon komai a lokaci guda: abinci, hira, son ɗa, har da daɗin ibada. Mai zazzaɓi idan ya ce zuma ta yi masa ɗaci, zumar tana nan yadda take, bakinsa ne ya canza, kuma ranar da zazzaɓin ya sauka zai ji zaƙinta. Ga wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba: mai jego ta yi makonni ba ta salla saboda jinin biƙi, wanda a mazhabar Malikiyya da muke bi iyakarsa kwana 60 ne. Matar da ta saba da salla biyar da karatun asuba, aka ɗauke mata su daidai lokacin da ta fi rauni, sannan ta dawo musu tana tsakiyar ciwo, dole ta ji kamar an rufe mata ƙofa. Sallarta ta inganta ko ta ji daɗinta ko ba ta ji ba. Wadda imaninta ya tafi ba ta zama tana kuka a kan tafiyarsa. Haka batun son yaron: yana dawowa idan ta samu sauƙi, kada kowa ya goranta mata.

Ruƙya ba na faɗa da ita. Karatun Alƙur'ani a kan marar lafiya sunna ce, kuma Nana A'isha ta ruwaito yadda Annabi yake karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannunsa ya shafe jikinsa idan zai kwanta. Wannan ke ma za ki iya yi mata kowane dare, ba sai an kira kowa ba, ba kuma sai an biya ko dala ba. Abin da nake faɗa da shi shi ne duka, da ɗauri, da turnuƙe ɗaki da hayaƙi ga jariri a ciki, da yi wa mace tsawa a kunne har ta gaji ta faɗi abin da ake so ta faɗa. Sai kuma malamin da zai ce mata wance ce ta yi miki. Mai ciwon damuwa dama a tsorace take, tana zargin kanta, idan aka ƙara mata da zargin kishiya ko dangin miji an ɗora mata kaya a kan kaya, ga zumunci ya lalace. Malamai na ƙwarai, kuma muna da su da yawa a Damagaram, su da kansu suke cewa a je asibiti idan sun yi karatu ba su ga canji ba, domin sun san hadisin da ya ce ku nemi magani ya ku bayin Allah, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, in ban da tsufa.

Kafin a kai ga asibiti akwai tambayar da nake so ki yi mata yau, ku biyu kaɗai, cikin taushin murya: "Ƙanwata, abin nan yakan kai ki jin gara ki mutu? Kin taɓa tunanin yi wa kanki wani abu, ko yaron?" Na san bakinki zai yi nauyi. Ki daure. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma ajiyar zuciya suke yi don an samu wanda ya tambaya. Idan ta ce e, kada ki yi salati ki dafe ƙirji, kada ki fara yi mata wa'azin wuta, ta san hukuncin, shi ya sa ma take ɓoyewa. Ki ce kin ji, kina tare da ita. Daga nan ba a barin ta ita kaɗai, a kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da duk wasu ƙwayoyi daga ɗakin, a tafi asibiti a ranar, ba sai an jira satin ya zagayo ba.

A nan akwai abu biyu da suka yi kama amma ba ɗaya ba ne, kuma rikita su yana cutarwa. Wata mai jegon mugun tunani ne ke faɗo mata: ta ga kamar yaron ya suɓuce daga hannunta, ko ta kalli wuƙa gabanta ya faɗi, ko wata mummunar magana game da Allah ta ratsa zuciyarta tana cikin salla. Abin yana firgita ta, tana ƙyamarsa, tana guje masa, wata har ta ƙi yi wa yaron wanka don tsoro. Wannan waswasi ne, yana da yawa a cikin masu jego, kuma ƙyamar da take yi masa ita ce shaidar cewa ba nufinta ba ne. Sahabbai sun kai wa Annabi kukan irin tunanin da suke jin nauyin furta shi, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, kuma ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ba ko a furta. A faɗa wa likita, amma kada a ƙwace mata ɗa saboda shi.

Ɗayan kuwa rikicewar hankali ce ta bayan haihuwa, wadda ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi a sati biyun farko. Ita za ki ga mace ta kwana biyu ko uku ba barci kuma ba ta gaji ba, tana surutai marasa kan gado, tana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ta dage cewa yaron ba nata ba ne, an musanya shi, ko an umarce ta ta yi masa wani abu. Ba ta ƙyamar tunanin, ta gaskata shi. Irin wannan ne aka fi cewa iska, a yi ta yawo da ita gidajen malamai, alhali gaggawa ce kamar zubar jini: rai biyu ne a hannu, kuma magani yana kama ta da kyau idan an zo da wuri. Abin da kika faɗa game da ƙanwarki bai nuna wannan ba, na kawo shi ne don ki gane shi idan kin gani.

Inda za a fara shi ne CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko matanite, wato asibitin haihuwa, inda ta yi awon ciki. Yaron yana dab da rigakafin sati 14, to ga hanya ta samu wadda ba mai hana ta fita. Ki raka ta, idan an gama da yaron ki ce wa ungozoma ko ma'aikacin jinya: "Uwar ma ba ta da lafiya, wata biyu ba ta barci, tana kuka, ba ta cin abinci." Ki faɗa da bakinki, don ita in aka tambaye ta "lafiya lau" za ta ce. Ku faɗi duk abin da take sha, har rubutu da jiƙe-jiƙe, ba don a hana ba, don a sani. Ya kamata a auna jininta, domin ƙarancin jini bayan haihuwa yana kawo kasala da faɗuwar gaba, a auna hawan jini, a kuma duba halittar nan ta gaban wuya da idan ta kumbura ake kira maƙoƙo, don rikicewarta bayan haihuwa tana kwaikwayon ciwon damuwa. Idan tana haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, a duba zuciya ba tare da jinkiri ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Idan abin ya fi ƙarfin CSI za su tura ku babban asibitin ƙasa na Damagaram, wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ki gaya wa mutanen gida cewa yawancin masu zuwa can ana ganin su ne su koma gida a ranar, da ƙafarsu.

Magani iri biyu ne. Na farko zama ne da wanda aka horar, ana tattaunawa a kai a kai, ana taya mace gano tunanin da ke danne ta da yadda za ta sauya shi, tana komawa harkokinta kaɗan-kaɗan. Kada ki raina shi don ba allura. An gwada shi a ƙauyukan Rawalpindi a Pakistan, a cikin mata Musulmi masu zaman gidan miji da surukai kamar namu, kuma ma'aikatan lafiya na unguwa ne suka yi, ba manyan likitoci ba. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna bayan wata shida kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa, a cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 53. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa don sauran ƙasashe.

Na biyu ƙwaya ce, ga wadda ciwon ya yi wa nauyi. Akwai irin su amitiriftilin da fulukzetin da setiralin, likita ne zai zaɓa, kuma zai zaɓi wanda ya dace da mai shayarwa, don haka ba a yaye yaro saboda shi. Ba sa bugarwa, ba irin taramol ba ne. Sai dai suna da jinkiri: sati biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, wani lokaci har shida, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an warke don kada ya dawo. A nan mata suka fi faɗuwa, wata ta sha kwana biyar ta ce ba ya aiki, wata ta ji sauƙi ta ajiye. Maganin ya zauna a hannunki kina ba ta, musamman amitiriftilin, wanda yawansa a lokaci guda yana da haɗari. Kuma don Allah kada a saya mata ƙwayar barci a tebur ko wajen masu yawo da magani a ka.

A gida, barci ne farko. A samu wadda za ta kwana da ita, ke ko wata inna, ta riƙe yaron, a kawo shi ya sha nono a mayar, har ta samu awa huɗu ko biyar a jere. In da hali ta dawo gida na ɗan lokaci, ya fi. Saboda haka nake roƙon masu ba da wuridi su tausaya: macen da rashin barci ke ci ba a ɗora mata tsayuwar dare da ƙulhuwallahu dubu. Farilla, azkar na safe da yamma gwargwadon iko, da addu'ar nan da Annabi yake yawan yi ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan", sun isa. Aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Abinci kuma a ci tare da ita, kada a ajiye mata kwano a fita. Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, ga marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, tana cewa ta ji Annabi ya ce yana sanyaya zuciyar marar lafiya, yana rage baƙin ciki. Kunun gero mai madara da wani ya dama mata da hannunsa ya zauna har ta shanye yana cikin wannan ma'ana. Idan ta ɗan farfaɗo, ki ja ta zuwa islamiyya ko sau ɗaya a sati, ko ba ta ɗauki darasi ba ta ga mutane.

Ki kuma tsare ta daga wasu maganganu da ake yi da kyakkyawar niyya: "Ki gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba", "Mu da muka haifi goma ba mu yi haka ba." Ta riga ta faɗa wa kanta waɗannan sau ɗari cikin dare. Abin da take buƙatar ji shi ne ba laifinta ba ne, ciwo ne, za ta warke, kuma ba za ku gaji da ita ba.

Uwar mijin kada ki yi gardama da ita a kan iska, ba za ki ci ba, kuma ita ma jikanta take tsoro wa. Ki je ki durƙusa ki ce: "Inna, karatun da ake yi a ci gaba, amma yarinyar nan ta rame, ba ta barci, nonon ma zai ragu. A bari a auna jininta, a haɗa biyu." Idan kin ga ba za ta ji daga bakinki ba, ki nemi mahaifiyarku ko malamar islamiyyar da take girmamawa su yi maganar. Mijin kuma ki kira shi da kanki, kada labari ya je masa a karkace. Ki gaya masa abin da ake ciki, ki nemi izininsa da kuɗin magani, ki ce ya riƙa kiran ta kullum ko minti biyar ne, ya tambayi lafiyarta ita kanta kafin ya tambayi yaron. In zai iya zuwa ko na sati ɗaya ne, ya zo.

Idan Allah ya ba ta lafiya, a ba jikinta hutu kafin wani cikin, ita da mijinta su nemi shawarar tazarar haihuwa a CSI. Wadda ta taɓa yin wannan ciwo ta fi wata kusa da sake yin sa, don haka duk ranar da ta samu wani cikin ta faɗa wa ungozoma tun awon farko, ku kuma dangi ku shirya tun kafin haihuwa wadda za ta ci gaba da zama da ita bayan arba'in.